Huɗar da Na Yi a Kwarin Goruba

Da sunan Allah zan fara, don shi ne ya san abin da na daɗe ina dannewa. Sunana Garba, mutumin Dandamisa ne ni, a ƙasar Makarfi. Karatuna bai yi nisa ba, izu goma a allo, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sanin ƙota da alƙalami.

Mu biyu muka bar gida, damina biyu bayan Turawa sun sauke tutarsu: ni da Malam Iliyasu na Gubuci, ɗan malaminmu. Shi Makka ya nufa ta ƙasa, ni kuwa ɗan rakiya, mai ɗaukar kaya da yin ciniki. Ya girme ni da shekara goma, idonsa ba ya gani nesa, kuma tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya bar matarsa da ciki. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, ta kama bakin rigata ta ce, "Garba, ga amana nan. Ka kai shi, ka dawo mini da shi." Na ce, "Da yardar Allah, Inna," amma kunnena yana wajen kukan mota. Gaskiyar magana ba son Makka ne ya fitar da ni ba. Zama wuri ɗaya ne ba na iyawa.

A birnin Fallomi, bayan mun tsallake iyakar ƙasarmu, muka fara sanin mu baƙi ne. Wani direba ya karɓi kuɗin motarmu har Abeshe, ya sauke mu a rabin hanya, ya ce injin ya yi zafi mu ɗan rage masa nauyi. Muna alwala ya ja motarsa. Na bi shi da gudu ina zagi har numfashina ya ƙare. Da na dawo na tarar da Malam ya shimfiɗa buzu yana lazimi.

"Ka kamo ta?" in ji shi.

"Allah gafarta Malam, wasa ma kake yi?"

"To ai na ga saura ƙiris. Da ka ƙara zagi biyu da ta tsaya."

Haka yake. Ni ina tafasa, shi yana firfita ni da raha. Ya sa mini suna Sarkin Gaggawa. Kwana tara muka yi a ƙafa. Wata mata Bashuwa ta ga leɓunanmu sun tsattsage, ta ba mu madara a ƙwarya, ta ƙi karɓar komai, sai dai ta miƙo wa Malam kan jaririnta ya tofa masa addu'a.

Daga Abeshe sai Fashir, daga Fashir sai Madani, inda guzuri ya ƙare sarai. Nan muka yi kaka biyu ina tsinkar auduga, Malam yana koyar da 'ya'yan Takari, wato mutanenmu da hanya ta riƙe. Uban gida uku na canza a wurin, ba don sun cuce ni ba, sai don na gaji da ganin fuskarsu. In iska ta kaɗo ƙaurin wani abu mai zaƙi, sai in tuna yadda ake dafa mazarƙwaila a fadamar garinmu, in rasa abin da ke mini daɗi har yamma.

A Madani na haɗu da Baba Tanko, wani tsoho ɗan Kudan mai sayar da ƙuli. Da ya ji harshena sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya tambaye ni mutane ɗaya bayan ɗaya, duk sun daɗe a ƙasa. Na ce, "Baba, kai nan ka zauna ke nan?"

Ya ɓata rai. "Wane irin zama? Ai a kan hanya nake. Makka za ni."

"Yaushe ka baro gida?"

"Tun ba a yi bikin uwarka ba."

Malam ya yi dariya, ni ban yi ba. Daga ranar duk na rufe ido sai in ga kaina da furfura ina sayar da ƙuli a Madani, ina cewa a kan hanya nake. Na tasa Malam gaba sai da muka tashi zuwa Kasala.

A Kasala maniyyata sun yi dandazo suna jiran takardar da za ta kai su bakin teku su shiga jirgin ruwa. Wasu sun shekara suna jira. Malam ya ce mu ma mu bi layi. Ni kuwa na haɗu da wani dillali, Bahaushe ɗan'uwanmu, mai zaƙin baki da hula a karkace. Ya ce akwai gajeriyar hanya ta ƙasar Iritiriya, wadda a lokacin take hannun Habasha. Kwana goma sha biyu mutum yana Masawa, daga nan kwalekwale ya tsallaka da shi, babu takarda babu jira. Na ce ai mun ji ana yaƙi a can. Ya ce, "Yaƙin me? 'Yan harbe-harbe ne na makiyaya."

Malam ya yi istihara, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na ce, "Malam, zama ba ya kai mutum Makka. In ba za ka ba, ni na tafi." Na san sarai ba zai iya ko sayen gawayi ba in ba ni. Na san abin da na yi masa ke nan, na ɗaure shi da igiyar da aka ba ni in riƙe shi da ita. Ya dube ni, sannan ya fara naɗe buzunsa. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Kwana uku bayan mun tsallake iyaka, dillalin ya ajiye mu a wani busasshen rafi, ya ce zai je ya kawo raƙuma. Ya tafi da bargon Malam wai don mai raƙuman ya shaida da gaske muke. Har yau yana kawowa.

Rana ta biyu da hantsi, ruwanmu ya ƙare, sai ga mutane bakwai sun ɓullo daga cikin goruba, gashi buzu-buzu, kowa da bindiga. Suka kwantar da mu rubda ciki. Babbansu, wani siriri mai tabo a kumatu da ake kira Salihu, ya ce 'yan leƙen asirin gwamnati ne mu. Ni na ɗan tsinci Larabcin kasuwa, amma tsoro ya kwashe shi. Malam ne ya ɗaga kai ya yi musu magana da Larabcin littafi. Salihu ya zazzage gafakarsa, ya ga Alƙur'ani rubutun hannu, ya buɗe tsakiya ya karanta rabin aya. Malam ya ɗauka daga nan, fuskarsa cikin yashi, ya yi ta ja har Salihu ya ce ya isa. Da hannunsa ya tashe shi, ya karkaɗe masa riga.

Suka kai mu maɓoyarsu, wani kwari tsakanin duwatsu mai rijiya ɗaya da goruba ba iyaka. Ban taɓa iya faɗin sunansa da harshensu ba, mu dai Kwarin Goruba muke ce masa. Akwai bukkokin tabarma kamar ashirin na makiyaya, mata da tsofaffi, a ɓoye ƙarƙashin itatuwa. Salihu ya ce ba zai sake mu ba, don mun ga wurin, kuma hanyar teku cike take da soja. Mu zauna, bayan damina zai sa a raka mu. Kafin nan Malam ya riƙa ba su salla yana rubuta musu wasiƙu. Ni kuma ya dubi ƙirjina ya ce, "Wannan Takarin ya yi kama da mai cin abinci da yawa. Sai ya biya da kafaɗarsa."

Haka na zama ɗan sa-kai a yaƙin da ban san farkonsa ba. Suka ba ni wata tsohuwar bindiga ta zamanin Italiya da harsashi biyar. Na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan ci amanarsu ba. Su ƙasarsu suke nema a bar musu. Kowannensu yana da wanda aka kashe masa, ko garken da aka kora, ko ƙauyen da aka ƙone. Ni ba ni da ko ɗaya. Amma kada in yi ƙarya, na ji daɗin bindigar nan. Na ji daɗin yadda mata ke matsa mini hanya a bakin rijiya. Malam ya ce, "Sarkin Gaggawa ya samu sandar sarauta. Allah ya sa ka san gabanta da bayanta."

Aikinmu gadi ne a kan dutse, da kai saƙo, da rakiyar raƙuman hatsi. Sau ɗaya aka tafi da ni tare hanya. Muka kwanta a bayan duwatsu tun safe har rana ta take, tururuwa na cizona ba halin motsi. Da motar soja ta shigo kwana aka buɗe mata wuta. Na runtse ido na harba ɗaya, ban san inda ya tafi ba, har yau ina roƙon Allah ya sa sama ya yi. Da ƙura ta lafa kowa ya ruga ɗibar bindiga da takalma. Ni abin da ya ɗauki idona wani faffaɗan ƙarfe ne da ya ɓalle daga jikin motar. Na ɗauka na auna nauyinsa, na ce a raina wannan ai bakin garma ne. Na saɓo shi har kwari suna ta yi mini dariya.

Akwai wata tsohuwa a kwarin, Amna, mai awaki goma sha wani abu. Ba ta jin Larabci, ba na jin harshenta. Kullum na sauko daga gadi sai ta miƙo mini madarar akuya a wani kwanon saƙa mai ƙaurin hayaƙi, ta tsaya a kaina sai na shanye, tana ta faɗa kamar na yi mata laifi. Daga baya aka gaya mini ɗanta sa'ana ne, kuma ya tafi yaƙin bai dawo ba.

Dokokin Salihu uku ne. Ba a hura wuta mai hayaƙi da rana. Ba a shanya farin tufa a fili. Ba a bin sawu ɗaya sau biyu har ya zama turba. Duk saboda jirgin sama ne, wanda kan zo jefi-jefi yana shawagi kamar shirwa. Bai kafa doka a kan huɗa ba, don bai taɓa ganin ta ba. Mutanen can in za su shuka dawa, tsinin sanda suke caka wa ƙasa a baje, nan ɗaya can ɗaya, su jefa iri su take da ƙafa. In ka hango daga dutse ba ka raba gonarsu da ciyawa.

Sai Salihu ya kwashi yawancin mayaƙan suka yi gabas, ya bar mu mu shida gadi. Kwana uku da tafiyarsa aka yi ruwan farko.

Wanda bai tashi a gidan noma ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Da ƙanshin ƙasar nan ya bugi hancina, sai na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Shekara huɗu rabona da garma. Na san a daidai lokacin nan ƙannena suna gona a Dandamisa, an jera ana huɗa, ana yi wa na baya ba'a. Na zauna na kasa, na tashi na kasa. Na ɗauki ƙarfen nan na kai wa maƙerinsu, na zana masa siffar garma a yashi. Ya juya kai ya ce wannan cokalin aljanu ne. Amma ya ƙera. Na sassaƙa ƙota da kaina. Amna ta ba ni irin dawa cikin tafin hannu biyu.

Akwai wani fili a bakin kwarin inda ruwa ke kwanciya, ƙasa baƙa mai laushi. Nan na duƙa. Kwana huɗu na tayar da kunyoyi arba'in, dogaye, miƙaƙƙu kamar an ja da igiya, irin wanda in ka yi a garinmu tsofaffi za su tsaya su ce ɗan wane ne wannan. Abokan gadina suka zo kallo suna tafa hannu. Wani ya ce kaburbura nake haƙa wa sojan Habasha. Tun da na bar gida ban yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba.

Malam kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa na kama hannunsa muka hau dutsen gadi, ya ƙanƙance ido ya daɗe yana duban filin.

"Garba, ni da ba na gani ma na gan su."

"Ai kyansu ke nan, Malam."

"Ba yabo nake yi ba. An hana mu shanya riga, kai ka shanya gona guda. Rubutu ka yi a ƙasa, na sama zai karanta."

"Haba Malam, jirgi ina ruwansa da dawa?"

"Ka baje su. Ka shuka irin tasu."

Na ce to. Ban baje ba. A raina na ce malami me ya sani a harkar ƙasa.

Dawa ta fito ta kai taƙi guda, kore shar a kan baƙar ƙasa. Ran nan da la'asar ƙaramin jirgi ya zo. Da can wucewa yake yi. Ranar ya sauko ƙasa-ƙasa, ya kewaya filin sau uku, sannan ya miƙe. Malam ya same ni a bakin rijiya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yau za ka rushe su. Yanzu."

"Allah gafarta Malam, dawar ta kama. Saura wata biyu."

"Garba, a Kasala na bi ka. Yau kai ka bi ni."

"Gobe da safe, in Allah ya kai mu."

Da safe na yi asubanci na hau dutse, na karɓi gadin da ba nawa ba, don kada mu haɗu. Na ɓoye garmar a cikin kaba. Rana ta ɗan ɗaga sai na hango wani abu fari yana motsi a gonar. Malam ne. Ya nemi garmar bai gani ba, ya ɗauko allon da yake koya wa mutane fatiha da shi, ya durƙusa yana ture ƙasa da gefensa. Tsohuwa Amna tana bayansa tana tattakawa da ƙafa, awakinta suna cin dawata.

Zan so in ce tsoro ne ya sauko da ni daga dutsen nan. Fushi ne. Na taho ina shirya maganar da zan gaya masa a kan dawata. Ina tsakiyar gangara na ji rugugi daga gabas. Jirage biyu ne, ba irin na jiya ba. Ban san lokacin da na faɗa bayan dutse ba. Ƙasa ta yi tsalle, kunnena ya toshe. Suka juyo suka sake sakin bom, sannan suka bi gorubar da wuta.

Da na isa filin, Amna ta riga ta cika, awaki a warwatse kewaye da ita. Malam yana kwance a tsakanin kunyoyi, allon na hannunsa, rigarsa ta jiƙe daga ƙirji zuwa ƙasa. Na ɗaga kansa. Ya ce, "Garba ne?"

"Ni ne, Malam."

"Saura nawa?"

Goma sha ɗaya ya baje. Saura ashirin da tara. Na ce, "Babu saura, Malam, duk ka gama."

Ya ce, "Madalla." Na laƙƙana masa kalmar shahada ya karɓa, daga nan bai ƙara magana ba.

Mutum huɗu aka rasa ranar, bukkoki rabi suka ƙone. Da garmar nan na haƙa kabarin Malam da na Amna, a gindin wata goruba mai rassa biyu. Washegari mutanen kwarin suka ɗaure tabarminsu a raƙuma suka bar rijiyar da kakanninsu suka gina.

Salihu ya dawo ya tarar da kango. Ya je ya tsaya a bakin filin. Ya ce a ƙasar nan ba mai jan layi a ƙasa sai soja in zai haƙa ramin yaƙi, abin da mai jirgin ya ɗauka ke nan. Na jira ya harbe ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya miƙo hannu ya karɓi bindigar, ya zare harsashi huɗun da suka rage ya zuba a aljihu. Ya ce, "Mu mun san abin da ya kawo mu dajin nan. Kai me ya kawo ka?" Ya sa mutum ɗaya ya raka ni iyaka, ya ba ni gafakar Malam.

Ban je Makka ba. Bari in sake rubutawa don kada a ce hannuna ne ya kuskure: ban taɓa ganin teku ba, balle Ka'aba. Na koma Madani na yi shekara uku, gaba ta gagare ni, baya ta gagare ni. Ina zama kusa da Baba Tanko ina taya shi ƙulla ƙuli. Ranar da aka binne shi, shi da ke kan hanya, na ɗaure kayana. Kafin in tashi na sa haƙorin zinariya, irin wanda alhazai ke dawowa da shi. A Fashir na cika wata kwalba da ruwan rijiya na toshe bakinta da kaki. Ban ce wa kaina ƙarya zan yi ba. Na ce dai kada in shiga gida hannu rabbana.

Ranar kasuwa na sauka Makarfi. Ban buɗe baki ba wani ɗan garinmu ya hango haƙorin ya kwarma ihu, "Alhaji Garba ya dawo!" Kafin in kai Gubuci labari ya riga ni. Inna Hajara tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta tsufa, ta dubi bayana ba kowa. Na durƙusa na ajiye gafakar a gabanta.

"Ina Iliyasu?"

Na ji bakina yana cewa, "Ya cika a Makka, Inna. Bayan an sauko daga Arfa. Zazzaɓi ne na kwana biyu."

Ta kifa goshinta a ƙasa. Da ta ɗago ta ce, "Alhamdu lillahi. Na ce ka dawo mini da shi, Allah ya ce ya fi ni son sa a can. Ka cika amana, Garba." Na ba ta kwalbar. Ba ta sha ko ɗigo ba, ta ce a ajiye a yayyafa wa likkafaninta. Da ta rasu haka aka yi. Ina zaure na ji mata suna faɗin haka.

Tun daga nan ban ƙara ɗaga garma ba. Na bar wa ƙannena gonar, na kama fataucin mazarƙwaila da barkono, yau Makarfi, gobe Ikara, jibi Kudan. Mutane suka ce Makka ta lalata wa Alhaji hannu. In an yi ruwan farko nakan shige ɗaki in rufe taga. Matata har ta koma ga Allah tana zaton ciwon kai ne. Cikin da Malam ya bari kuwa namiji aka haifa, Sani. Ya tashi ana nuna shi ana cewa ga ɗan wanda ke kwance a Makka. Ya yi karatu, ya gaji makarantar kakansa, ya zama Malam Sani. Duk salla sai ya zo gaishe ni da goro. Fiye da shekara arba'in ina karɓa.

Bana, ana saura wata guda maniyyata su tashi, ya yi sallama a zaurena. Shi ma furfura ta kama shi. Bayan mun gaisa, gajiya da iyali da al'amura da damina, ya matso ya ce, "Baba Alhaji, Allah ya nufa bana zan sauke farali. Na zo ka kwatanta mini inda babana yake. Ta wace ƙofa kuka fita da shi? Ko ba a gane kabarin ba, in tsaya kusa in yi masa addu'a."

Ya ciro takarda da biro yana jira.

Na ga mutumin nan tsaye a cikin rana a maƙabartar Makka, yana kuka a kan kabarin wani, ni na aike shi. Na ce, "Malam, mayar da biron." Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa a gabansa. Ya zabura zai tashe ni, na ce ya bar ni. Na faɗa masa duka, tun daga Kasala har kwalbar Fashir. Ban rage ba. Na sa yatsa na nuna masa haƙorin.

Bai katse ni ba. Na gama ana kiran la'asar. Can ya ce, "Da allo?"

"Da allo."

"Nawa ya baje?"

"Goma sha ɗaya."

Ya yi wani ɗan murmushi, hawaye na bin gemunsa. "Kakata takan ce ko ciyawar bakin ƙofa bai iya cirewa ba." Ya share fuska. "Shekara nawa ina alfahari da inda ya mutu. Ashe yadda ya mutu ne abin alfaharin, kai kuma ka ɓoye mini shi."

Na ce, "Ka yafe mini."

"Nawa na yafe, ko da yake zuciyata ba ta gama ba tukuna. Na Inna ba ni da iko a kansa. Na tsohuwar nan mai awaki ma haka. Wannan tsakaninka da Allah ne. Amma jama'ar da ka bari suna kiran ka da abin da ba ka yi ba, su suna raye. Kuma ka iya rubutu."

Shi ya sa na sayi littafin nan na zauna. Wannan ne karo na farko da na zauna wuri ɗaya har na gama abu. Wanda ya karanta ya saka Malam Iliyasu da Amna a addu'a, suna gindin wata goruba mai rassa biyu, a kwarin da ban iya faɗin sunansa ba.

Ranar nan na raka Malam Sani har bakin hanya inda ya jingine babur ɗinsa. Ya hau, ya tayar, sannan ya juyo. Na ga bakinsa ya ɗauko kalmar da ya saba, ya tsaya, ya mayar da ita.

Ya ce, "Sai na dawo, Baba Garba."

Na ce, "Na'am."